Kwamfutar tebur, laftof, tablet, Raspberry Pi ko allo da alli: wanne ya dace da firamarenku?

Wata Hajiya mai makarantar firamare ta kuɗi ta kira ni a farkon zangon karatu. Ƙungiyar iyaye da malamai ta tara mata kuɗi don a fara koyar da kwamfuta da gaske, ba ta zane a allo kaɗai ba. Wani ɗan kasuwa ya ce zai kawo mata kwamfutocin tebur na gwanjo guda ashirin. Ɗanta da ke jami'a ya ce zamanin wannan ya wuce, ta sayi tablet. Malamin lissafi kuma ya ce laftof. Ta ce da ni, "Malam, kowa da tasa, ni kuma kuɗin nan amana ce, ba ni da damar kuskure."

Amsar da na ba ta ce na faɗaɗa a nan, domin na san shugabannin makarantu da yawa suna cikin wannan tsaka mai wuya, musamman tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da sabuwar manhajar karatu a 2025, wadda ta ware darasin ilimin fasahar zamani na farko ga 'yan aji huɗu zuwa shida. Kafin nan ma, kwamfuta tana cikin darasin kimiyya da fasaha na manhajar da hukumar NERDC ta sake wa fasali a 2012, sai dai a makarantu da dama yaro yakan gama aji shida ya iya zana linzamin kwamfuta a littafi, hannunsa kuwa bai taɓa riƙe shi ba.

Ma'aunan da za a auna da su

Na farko wuta. Wannan ne ke yanke hukunci kafin komai. Ku tambayi kanku: tsakanin ƙarfe takwas na safe da ƙarfe ɗaya na rana, awa nawa ake samun wutar NEPA a layin makarantar? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta saboda darasi ɗaya ya zama abin da sai an yi shawara. Masu layin Band A kuwa, wato layin da ya fi samun wuta, kuɗin wutarsu ya haura naira 200 a kowane yunit a Afrilun 2024.

Na biyu kuɗi, amma ba na ranar saye kaɗai ba. A haɗa da tebura, wayoyin wuta, ƙarfen taga da ƙofa, canjin batir, da ladan mai gyara na shekara uku.

Na uku juriya. Ƙurar hunturu, zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, wutar da ke zuwa da ƙarfi ta ƙona kaya, ɓeraye masu cin waya, da hannun yaro ɗan shekara bakwai.

Na huɗu malami. Wa zai koyar, kuma idan na'ura ta ƙi tashi ana tsakiyar darasi, zai iya tayar da ita?

Na biyar abin da yaron zai koya. Danna allo da yatsa daban, rubutu da madannai daban, tsara umarni ga na'ura kuma daban.

Na shida haɗari: sata a gefe guda, da abin da yaro zai iya cin karo da shi a intanet a ɗaya gefen. Kan wannan akwai darasi na gida. A 2007, lokacin da shirin One Laptop per Child ya raba ƙananan laftof a wata firamare da ke Abuja, ba a daɗe ba kafafen labarai suka ruwaito cewa an samu hotunan batsa a na'urorin wasu ɗalibai, saboda an haɗa su da intanet babu matattara. Sai daga baya aka yi maganar sa kariya. Ƙasar Peru ta sayi irin waɗannan laftof sama da 800,000, amma binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙarin ƙwazo a lissafi ko harshe ba. Na'ura ta isa hannun yara, malamai kuma ba a shirya su ba.

Akwai wani ɗan lissafi da nake so kowa ya yi kafin ya je kasuwa. A ce aji yana da yara 60, darasin kwamfuta sau biyu a mako, kowanne minti 35. Idan na'ura 10 ce, yara shida ne a kan kowace, wato kowane yaro bai kai minti 12 a mako yana riƙe da ita ba. Idan 20 ce, lokacin ya ninka. Saboda haka yawan na'ura masu aiki ya fi kyan na'ura muhimmanci. Yara biyu a kan na'ura ɗaya shi ne daidai a wurina: ɗaya direba, ɗaya yaron mota mai nuna hanya, bayan minti goma su yi musanya.

Kwamfutar tebur ta gwanjo

Wannan ce mafi yawan makarantu ke fara tunani, kuma akwai hujja. Irin su Dell OptiPlex da HP ProDesk da ofisoshin Turai suka gama da su suna cike a Computer Village ta Ikeja, da Beirut Road a Kano, da Banex a Abuja. Kowace ɗaya ta fi laftof mai ƙarfinta araha. An ƙera su don aikin ofis na yini guda, jikinsu ƙarfe ne, kuma duk abin da ya lalace ana cire shi a sa wani: madannai, linzami, allo, na'urar wutar ciki. Kowane gari akwai mai gyaransu. Ɓarawo ma ba ya sa ta a aljihu.

Ta fuskar koyo, babu abin da ya fi ta. Yaro yana zaune daidai, allo babba, madannai cikakku, linzami a hannu. Zai koyi rubutu da yatsu goma, adana fayil, buɗe shi gobe, da tsara wasa a Scratch, manhajar da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar kyauta a 2007 don 'yan shekara 8 zuwa 16, wadda ke aiki ko babu intanet.

Matsalarta wuta. Kowace ɗaya tare da allonta tana cin kusan wat 100, ashirin kuwa wat 2,000 ke nan. Ɗan ƙaramin janaretan nan mai wat 950 ba zai ɗauka ba. Kuma ba ta da batir: ana ɗauke wuta, aikin yaro ya tafi, a hankali ma'ajiyar cikinta ta lalace. Na taɓa shiga ɗakin kwamfuta na wata makaranta, na'urori goma sha biyar an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi kauri a kai. Shugaban ya ce shekara biyu rabon da a kunna su, sai ranar da masu duba makarantu za su zo. Abin ya tsaya mini a rai, domin iyaye suna biyan kuɗin kwamfuta kowane zango.

Sai batun Windows. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana buƙatar na'ura mai wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Yawancin masu arahar da za a nuna muku sun girmi haka. Wannan ba ya hana saye, amma yana nufin ko dai kada a haɗa su da intanet, ko a maye gurbin Windows ɗin da wani tsarin da ake kira Linux, irin su Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma ƙwayoyin cutar da filas ke yawo da su ba su cika kama su ba. Ku guji Windows ɗin sata da masu shago ke sakawa. Sau da yawa tare da cutarsa yake zuwa.

Ta fuskar tsaron yara tana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Ba ta motsi. Idan aka jera tebura a jikin bango, yara suna fuskantar bango, malami yana tsakiyar ɗaki, duk allon yana gabansa a kallo ɗaya. Babu manhajar tacewa da ta kai wannan tsarin zama amfani.

Laftof na gwanjo

Idan za a saya, a nemi na ma'aikata: Lenovo ThinkPad, Dell Latitude, HP EliteBook ko ProBook. Waɗanda aka yi don gida masu sheƙi, mahaɗin murfinsu ba ya jure buɗewa da rufewar yara. Kuɗinsa ya fi na tebur, wani lokaci nesa ba kusa ba, amma yana cin wat 30 zuwa 45 ne kawai yayin aiki, don haka guda ashirin ba su kai wat 1,000 ba. Ƙaramin sola da inbata zai riƙe su. Batirinsa kuma shi ne kariyarsa idan an ɗauke wuta. Ba ya buƙatar ɗaki na musamman. Ana iya ajiye su a akwatin ƙarfe a ofishin shugaba, a kai su aji lokacin darasi. Ga makarantar da ba ta da ɗakin da ya rage, wannan babban abu ne.

Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Batirin laftof ɗin da ya yi shekara biyar a ofis ya riga ya gaji, zafinmu kuma yana ƙarasa shi. Ku sa a ranku cewa cikin shekara ɗaya ko biyu za ku canza batir da yawa, kuma na kasuwa ba duka ne na kirki ba. Idan yaro ya ɓalle maɓalli ko ya zuba ruwa, madannan gaba ɗaya za a canza. Maganin wannan mai sauƙi ne: a saya wa kowane laftof linzami da madannai na waje masu araha, su sha wahalar a madadinsa. Kafin ku biya, ku kunna kowane ɗaya a gaban mai shago, ku cire caja ku ga minti nawa zai yi, ku tabbatar babu kalmar sirri a BIOS, wato saitin da ke tayar da na'urar, ku nemi mai ma'ajiya mai sauri da ake kira SSD, da RAM (ƙwaƙwalwar aiki) aƙalla 4GB, 8GB in da hali.

Za a iya nuna muku Chromebook, wani laftof mai tsarin Google, mai araha da daɗewar batir. A yi hattara a nan. Da yawa daga cikin na gwanjo sun fito ne daga makarantun Amurka, wasu har yanzu suna kulle da rajistar makarantar da ta sayar, ba za ku iya shiga ba. Kowane samfuri kuma yana da ranar da Google zai daina sabunta shi. A 2023 kamfanin ya tsawaita wa'adin zuwa shekara goma ga sababbin samfura, amma tsofaffi da dama nasu ya cika. Sannan yawancin amfaninsa yana kan intanet. Ga makarantar da ke da intanet tsayayye yana da daɗin kulawa, ga wadda ba ta da shi kuwa wahala ce.

Haɗarin laftof na farko sata, na biyu aro. Malami zai ce zai je gida da shi ya shirya jarrabawa, ƙanensa ya sa fina-finai, ranar Litinin yara su buɗe su gani. A rubuta doka tun ranar farko: na'urar yara ba ta kwana a waje.

Tablet

Ita ce ta fi jan hankalin iyaye, kuma yara ba sa buƙatar a koya musu riƙe ta. Tana cin wuta kaɗan, wajen wat 10 lokacin caji, ƙaramin faifan sola ya ishe ta. Ga 'yan aji ɗaya zuwa uku tana da amfani na gaske: ScratchJr, wanda aka fitar a 2014 don 'yan shekara 5 zuwa 7, a kanta aka tsara shi, haka GCompris mai wasannin haruffa da ƙirga yana aiki a kanta ba tare da intanet ba.

Daga nan yabona ya ƙare. Araha ba ta ado: masu sauƙin kuɗin da ake tallatawa da sunan "tablet ɗin yara" yawanci RAM ɗinsu 2GB ne ko ƙasa, bakin cajinsu yana saki cikin watanni, batirin a manne yake a ciki kuma yana kumbura da zafi, gilashi in ya fashe kuɗin gyaransa ya kusa na sabuwa. Android ɗin da ke kansu ba ya samun sabuntawa. Masu inganci kuwa kuɗinsu ya kai na laftof. Jihar Osun ta raba wa 'yan sakandare tablet ɗin Opon Imo a 2013, Kenya ta raba wa 'yan firamare daga 2016, kuma duk wanda ya bi labarin irin waɗannan shirye-shirye ya san caji, gyara da horar da malamai su ne inda ake tuntuɓe.

Babban abin da ya sa ba na ba da shawararta ga manyan azuzuwa shi ne, tablet tana koya wa yaro kallo da latsawa, abin da ya riga ya iya daga wayar mahaifiyarsa. Yaron da zai zauna jarrabawar JAMB nan gaba, wadda gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi tun 2015, linzami da madannai zai tarar a gabansa.

Ta fuskar tsaro ita ce mafi wuyar sa ido. Yaro yana karkatar da ita zuwa ƙirjinsa, malami ba ya ganin komai. Tana da kyamara gaba da baya. Wasannin kyauta na Play Store suna cike da tallace-tallace, har da na caca. Idan dole sai ita, a sauke manhajojin da ake so, a cire layin waya, a goge kalmar sirrin Wi-Fi, a yi amfani da tsarin kafe allo na Android don kada yaro ya fita daga manhajar darasi.

Raspberry Pi

Wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce da wata gidauniya a Kambirij ta Ingila ta fara fitarwa a 2012 a kan dala 35, da niyyar koya wa yara. Samfurin Pi 400 na 2020 kwamfutar tana cikin madannan kanta, an fitar da shi a dala 70, cikakken kunshi da linzami da caja dala 100. Sai a nemo allo daban. Na gwanjo ma ya yi, in yana da bakin HDMI ko an sayi mahaɗi. Tare da allo ba ta wuce wat 30 ba. Ba ta da fanka mai zuƙar ƙura, ba ta da batirin da zai kumbura. Tsarinta gaba ɗaya yana kan ɗan katin ajiya irin na waya: in ya lalace, a kwafi wani a sa, cikin minti kaɗan ta dawo. Scratch da Python, harshen rubuta umarnin kwamfuta, suna samuwa a kanta kyauta.

A takarda ita ce ta fi dacewa da yanayinmu, kuma ina son ta. Amma ba a samun ta a kowace kasuwa, sai an yi oda daga Legas, Abuja ko waje, ga canjin dala ga kuɗin kwastan. Mai gyaran unguwa bai san ta ba. Ba ta ɗaukar Windows da Microsoft Word irin wanda malamai suka saba; LibreOffice ake amfani da shi, wanda ya wadatar da firamare amma yana buƙatar malamin da ba ya tsoron sabon abu. Ɗaukewar wuta kwatsam kuma tana lalata katin, don haka sai da inbata. Makarantar da ba ta da mutum ɗaya mai sha'awar wannan harka, kada ta fara.

Akwai wani aikin da Pi guda ɗaya tak ke yi wanda ya dace da kowane zaɓi a sama. Ana iya mayar da ita rumbun karatu na cikin gida: a sa mata Kiwix mai ɗauke da Wikipedia, har da ta Hausa, ko Kolibri mai darussa da bidiyo, ta riƙa watsa su ta Wi-Fi a cikin makaranta ba tare da data ba. Yara za su koyi bincike, danna mahaɗi da tantance bayani, a cikin shingen da babu baƙon da zai shigo.

Allo da alli, da laftof ɗaya a hannun malami

Wasu za su ga kamar wannan ba zaɓi ba ne, talauci ne. Ban yarda ba. Malamai a jami'ar Canterbury ta New Zealand, ƙarƙashin Tim Bell, sun tsara darussan CS Unplugged tun shekarun 1990, kyauta, don koyar da tushen ilimin kwamfuta babu na'ura. Ana yanka kwali biyar masu ɗigo 1, 2, 4, 8 da 16, yara biyar su riƙe, ana juyawa ana rufewa, aji ya gane yadda kwamfuta ke ƙirga da sifili da ɗaya. Ana zana gidaje a ƙasa kamar na dara, yaro ɗaya ya zama mutum-mutumi, sauran su rubuta masa umarni: taku biyu gaba, juya dama, taku uku. In ya faɗa gidan da ba a so, su koma su nemo inda kuskuren yake. Ana sa su jera matakan dama kunu ɗaya bayan ɗaya, su ga abin da zai faru in an zuba gasara kafin ruwa ya tafasa. Wannan shi ne tsara umarni da gyaran kuskure, kuma na ga yaran da suka fara da haka sun fi saurin kama Scratch ranar da suka zauna gaban na'ura.

Idan aka ƙara laftof ɗaya da majigi ko talabijin babba, malami ya nuna, yara su riƙa fitowa bi da bi, an samu rabin abin da ake nema da kaso kaɗan na kuɗin. Iyakarsa a fili take: ba a koyon rubutu da madannai ta kallo. Kuma duk nauyin yana kan malami. In ba shi da himma, darasin zai koma kwafar bayani daga allo.

Ga taƙaitawa a jadawali, an ƙiyasta wuta a kan na'ura 20, ban da layin ƙarshe:

| Zaɓi | Kuɗin farawa | Wuta | Juriya | Sauƙi ga malami | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kwamfutar tebur ta gwanjo | Matsakaici, ga kuɗin ɗaki | Kusan wat 2,000 | Mai kyau, gyara ko'ina | Mai sauƙi | Rashin wuta, tsohon Windows |
| Laftof na gwanjo | Mai yawa | Ƙasa da wat 1,000 | Matsakaiciya, batir na mutuwa | Mai sauƙi | Sata da aro |
| Tablet | Kaɗan zuwa mai yawa | Kusan wat 200 | Rauni | Sauƙin farawa, wuyar sa ido | Fashewa, talla, kyamara |
| Raspberry Pi da allo | Matsakaici, ya danganta da dala | Kusan wat 600 | Mai kyau sosai | Sai mai sha'awa | Rashin mai gyara kusa |
| Allo da laftof ɗaya | Kaɗan ƙwarai | Ƙasa da wat 300 | Babu damuwa | Sai an horar | Yara ba sa taɓa na'ura sosai |

Tsaron yara a intanet: abin da babu na'urar da ke koyarwa

Ko wanne kuka zaɓa, ku sani yawancin ɗalibanku ba a makaranta suke haɗuwa da intanet ba. A wayar uwa, ta yaya, ko ta mai shagon caji suke haɗuwa da shi. Dokokin Facebook, Instagram da TikTok sun ce sai ɗan shekara 13, amma ku tambayi 'yan aji biyar wa ya taɓa kallon TikTok ku ƙirga hannaye. Don haka darasin tsaro ya zama na baki da baki, kuma makarantar da ba ta da ko na'ura ɗaya tana iya yin sa da kyau.

Abubuwan da nake koya wa 'yan aji huɗu zuwa shida ba su da yawa. Kada ka faɗa wa wanda ba ka sani ba sunan makarantarku, unguwarku, ko ka tura masa hotonka, ko da ya ce shi ma yaro ne. Idan saƙo ya shigo wayar Mama da lambobi, wani ya kira ya ce a karanto masa, kada ka karanta. Haka ake kwashe kuɗin mutane a banki da sace musu WhatsApp. Saƙon da ya ce ka ci kyauta ko gwamnati na raba kuɗi, danna nan, kai wa babba ya gani. Ba duk bidiyon da aka turo ne gaskiya ba, kuma tura abin da zai kunyata wani daidai yake da yi masa a bainar jama'a. Muna yin su kamar wasan kwaikwayo: ni ne ɗan damfara a waya, yaro ya nuna yadda zai amsa.

Na ƙarshe shi ne ya fi nauyi, kuma iyaye ya shafa fiye da yara. Yaron da ya ga abin da ya tsorata shi, ko wani babba ya fara masa maganar banza ta waya, dole ya san akwai wanda zai faɗa wa ba tare da an zane shi ba. In an doke shi a karon farko, karo na biyu shiru zai yi, kuma shirun nan shi mai cutar da yara yake nema. Ku kira taron iyaye a kan wannan kaɗai, ku nuna musu Family Link, manhajar sa ido kan wayar yaro, da YouTube Kids na yara, ku roƙe su waya ta riƙa kwana a ɗakin manya.

Idan makaranta za ta haɗa intanet, a sa matattara a kan na'urar Wi-Fi ɗin kanta. Lambar DNS ta 1.1.1.3, wadda ake sawa a saitin na'urar, da kamfanin Cloudflare ya fitar kyauta a 2020, tana toshe shafukan batsa da masu cuta, sai a kunna SafeSearch, matattarar binciken Google, a kowace na'ura, yara kuma su shiga da asusun da ba shi da ikon saka manhaja. Matattara tana rage ɓarna ne, ba ta maye gurbin idon malami. Makaranta ita ma ta duba kanta: dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta buƙaci amincewar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, don haka sa hotunan ɗalibai da sunayensu a Facebook don talla ba tare da izini ba abu ne da ya kamata a daina.

Wanne ga wa

Makarantar ƙauye ko ta unguwar da wuta ba ta zuwa, kuɗi kuma kaɗan ne: allo da alli, laftof ɗaya mai kyau, ƙaramin sola, sauran kuɗin a kashe wajen horar da malamai biyu, domin in ɗaya ya tafi darasin kada ya mutu. Shafin Nigeria Learning Passport da gwamnati da UNICEF suka buɗe a 2022 yana da darussa kyauta da malami zai iya amfani da su.

Makarantar da ke da tsayayyar wuta ko babban sola, da ɗaki mai ƙarfen taga: kwamfutar tebur ta gwanjo, a sa Linux, a jera a bango. A nan ne kuɗinku zai sayi na'ura mafi yawa, kuma su daɗe.

Makarantar da wutarta ke zuwa tana tafiya, ko ba ta da ɗakin da ya rage: laftof na ma'aikata, da linzami na waje, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu. Gara goma sha biyu masu batir da ashirin da sai an jona.

Sashen nazare da aji ɗaya zuwa uku: tablet biyar ko shida masu inganci da riga mai kauri, babu intanet, a riƙa zagayawa rukuni rukuni. Kada a saya wa dukan makaranta.

Makarantar da ke da malami ko tsohon ɗalibi mai son harkar, kuma tana kan sola: Raspberry Pi, tare da katunan ajiya na ko-ta-kwana.

Hajiyar da ta kira ni tana rukuni na uku, domin layinsu ba ya samun wuta da safe. Ta sayi laftof goma sha biyu da faifan sola, ta ware kuɗin batir na shekara mai zuwa, ta raba kowane aji gida biyu: rabi suna kan na'ura bibbiyu, rabi suna waje da kwalayen ɗigo, bayan rabin lokaci su yi musanya. Intanet kuwa a wayar malami kaɗai yake, sai ranar da darasi ya buƙata ake kunna shi.